Farantin da Na Biyo Har Bawku

Duk wanda ya shigo gidanmu a Salaga yakan tsaya ya tambayi abin nan da muke shanya barkono a kai. Faranti ne na alminiyam, faɗinsa ya fi ɗakin kwanana, an kwantar da shi a kan tsofaffin turame a bayan madafa. 'Yan zamani da suka saba da ƙananan farantan da ake liƙawa a bango ba sa yarda cewa na talabijin ne. Nakan ce musu na talabijin ne. Sauran labarin ban cika ba da shi ba, don ban fito da kyau a cikinsa ba. Amma akwai wanda ya fi ni muni a ciki, kuma shi ya fara.

Babana mai haƙar rijiya ne. A garin da ake yi wa kirari da yawan rijiyoyi sai ka ɗauka sana'arsa za ta sa a girmama shi, amma ina. Ana nemansa ne in guga ta faɗa ko rijiya tana son yasa, in ya fito da taɓo har wuya a miƙa masa ladansa daga nesa. Mutum ne mara hayaniya, kuma burinsa ɗaya a duniya, ya ga Arfa. Ya san ba zai je ba, don kuɗin jirgi da kuɗin yasar rijiya ko hanya ba su haɗa ba. Duk alhajin da ya dawo sai Baba ya je ya zauna a gefen tabarma yana tambaya: dutsen nan yaya girmansa, mutane ina suke tsayawa, da gaske kowa fari yake sawa har sarakuna? Ya dawo gida ya maimaita wa Mma, mahaifiyata, ita kuma ta riƙe haɓa kamar ba ta ji irinsa bara ba.

A unguwarmu akwai wani attajiri da muke kira Alhajin goro. Kakanninsa fataken goro ne, kuma ba ya barin mutum ya manta da haka. Ya je Makka sau uku, yana da haƙorin Makka biyu, in zai yi dariya sai ya ɗaga leɓe don a gan su. A farkon shekarun casa'in ya kawo abin da garin bai taɓa gani ba. Lori ta sauke masa ɓangarori goma sha biyu na wani ƙaton faranti mai launin toka, aka ce in an haɗa shi an juya shi gabas, mutum zai ga Makka yana zaune a falo. Ana bukatar rami mai zurfi da za a kafa ƙarfen da zai ɗauke shi, kuma wa ya iya rami in ba Babana ba? Kwana uku ya yi yana fama da marmara. A lokacin na haura talatin, aurena ya mutu, na dawo gida ina kasa doya a kasuwa, don haka ni ke kai masa abinci. Da kunnena na ji Alhaji ya leƙa ramin ya ce, "Baba mai rijiya, ranar Arfa ka zo. Kai ka haƙa, kai za ka fara gani."

Wata biyu Baba na ƙirga kwana. Ya sa aka wanke farar rigarsa, ita ɗaya ce tilo, aka kai wa mabugi. Ranar Arfa ya ɗauki azumi, ya yi wanka, ya sa kwalli. Mma ta ɗauko mayafi za ta bi shi, ya ce ta dakata ya fara ganin ko an yi wa mata wuri, in akwai zai aiko ni. Shi ya sa na bi bayansa, ni ce 'yar aike.

Ƙofar gidan Alhaji cike take da babura. Janareta na ruri, daga cikin falo kuma ana jin muryoyin dubban mutane suna Labbaika. Na ga tsigar jikin Baba ta tashi. Ya cire takalmi, ya yi sallama. Alhaji ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙafafun Baba da faso ya tsattsaga, ya waiwaya ya dubi kafet ɗinsa.

"Baba mai rijiya," in ji shi, "ciki ya cika da alhazai. Wanda bai je ba me zai gane? Ka tsaya nan ka ji sauti, ya ishe ka."

Wani a ciki ya yi dariya. Baba ya ce, "To, Alhaji, na gode." Ya kuma tsaya ɗin. Na ja hannun rigarsa na ce mu tafi, ya ce, "Bari, ai ana ji." Haka ya tsaya a rana, da azumi a bakinsa, ba takalmi, har aka kira azahar. Ni ban iya tsayawa kallonsa ba. Na zagaya bayan katanga, na ɗauki dutse iya cikin hannuna, na jefi farantin da duk ƙarfina. Ya yi ƙara, ya lotsa a gefen ƙasa. A nan na yi rantsuwa cewa in da rai da lafiya, sai Alhajin goro ya tsaya a ƙofata ranar Arfa na mayar masa da maganarsa ba ragi ba ƙari.

Da muka koma gida Mma ta tambaye shi, ya ce, "Sauti mai daɗi." Ya ninke rigar ya sa a adaka, bai sake sa ta ba, ko ranar Sallah. Kafin wata Arfa ta zagayo ciwon ƙirji ya tafi da shi. Ban ce Alhaji ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na ce ya aika shi kabari da ƙishirwar da cokali ɗaya zai kashe, kuma wannan ban taɓa janye shi ba.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ni ba haƙuri nake da shi ba, riƙo nake da shi, amma aikinsu ɗaya. Na bar kasa doya na shiga fatauci. In ɗauki doya daga Salaga da Bimbilla in haura da ita arewa har Bawku, in juyo da albasa. Mata 'yan'uwana suna tara kwalla da atamfa, ni ina tara abin da ban gaya wa kowa ba. In na wuce Alhaji a hanya nakan rusuna in gaishe shi da kyau, in tambayi iyali, a zuciyata kuwa ina auna tsawonsa da ƙofar zaurenmu.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Shekarar da yankinmu ya rikice hanyoyi suka rufe, goron Alhaji ya ruɓe a ɗaki, motocinsa suka bi ɗaya bayan ɗaya. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Wata rana na dawo daga tafiya na tarar ƙarfen nan na gidan Alhaji tsaye shi kaɗai, ba faranti. Iyalinsa suka ce an kai gyara. Wani direba ya ce mini gyaran ƙarya ne, shi ya ɗauka ya kai wa wani mai gidan bidiyo a Yendi. Raina ya ɓaci, don ni ba wani faranti nake so ba, wannan nake so.

A Yendi na same shi a bayan wata rumfar kwano, maza sun cika ta suna kallon ƙwallo. Na zagaya na duba gefen ƙasa, ga lotsawata nan. Na yi wa mai shi maganar ciniki, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kira ni Mma yadda ake kiran kowace babbar mace a yankinmu, ya ce, "Mma, mutum na sayar da tukunyar da yake dafa abinci?" Ban ja da shi ba. Amma shekara uku, duk lokacin da lorinmu ta tsaya a Yendi, abokan tafiya su nufi mai kosai, ni in nufi bayan rumfar nan in gaida farantina. Har masu babura na wurin suka sa mini suna matar faranti.

Ran nan na je na tarar wayam. Mai bidiyon ya ce iskar farkon damina ta kayar da shi, kayan cikinsa suka ƙone, ya gaji ya sayar wa masu zubin tukwane na Bawku. Na tambaye shi yaushe. Ya ce kwana tara ke nan. Ban ƙara cin abin kirki ba har muka isa Bawku. Ko doyata ban tsaya saukewa ba, na bar wa dillali, na bi hayaƙi da ƙarar guduma har inda ake narka alminiyam.

Ga shi nan an warware shi, ɓangarorin jingine da bango, baƙin hayaƙi da kashin kaji sun rufe su. Na ƙirga, goma sha biyu cif. Na ɗaga ɗaya bayan ɗaya har na ga lotsawar, sai na tsuguna ina shafa ta. Mai zubin wani dattijo ne mai ƙonannun yatsu, Hausarsa irin ta kasuwar Bawku, wadda mace da namiji duk "kai" ne.

"Mma, kai na so wannan? Wannan ya mutu. Gobe ni na narka shi, na yi tukunya."

Na daure fuska na ce shanyar barkono zan yi da shi. Ya ce mai shanyar barkono ba ya shafa kaya kamar ya ga ɗansa da ya ɓata. Na ga ya gano ni, sai na gaya masa gaskiya tun daga ramin har rantsuwar. Ya daɗe yana juya garwashi, sannan ya ce, "Baba na ni ma haka, ya yi aiki, wani ya ci. Kawo doya, ɗauka kaya." Doyar tafiyar nan gaba ɗaya ta tafi a kansa, kuma ban taɓa yin cinikin da ya yi mini daɗi irinsa ba.

Shi ya haɗa ni da wani mai gyaran rediyo da ya san kan abin. Mutumin ya duba ya ce farantin lafiyarsa lau, abu biyu ya rasa: akwatin da ake sawa kusa da talabijin, da wani ɗan abu kamar gwangwanin madara da ake ɗaurewa a ƙarshen sanduna uku a gaban farantin. Shi yake kira ido. Ya ce, "Faranti bai gani komai. Aikinshi kawai, duk abin da ya sauko daga sama ya tara, ya zuba cikin ido." Na gyaɗa kai kamar na gane. Ya ce sai ya sa an shigo masa da su ta Kulungugu da ke bakin iyaka, zai ɗauki watanni. Na ce shekara shida na jira.

Na shigo Salaga da farantin a kan buhunan albasa da rana tsaka, na kuma roƙi direba ya bi ta ƙofar gidan Alhaji ya yi tafiyar hawainiya. Yana zaune a kan buzu a gindin darbejiya, ya tsufa, rigar ta yi masa yawa. Ya ɗaga kai ya bi lorin da kallo har muka sha kwana. Ni kuwa ina gaba kusa da direba ina ɓantarar goro.

Ramin ni na haƙa da hannuna, da digar Baba, a filin ƙofar gidanmu inda duk mai zuwa masallaci sai ya gani. Mma ta fito da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna tana kallona. Tsufa ya kama ta, ƙafa ta yi nauyi, amma bakin yana nan. Ban taɓa gaya mata rantsuwata ba, sai dai uwa ba a ɓoye mata.

"Ke 'yar nan," ta ce, "in za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Na ce, "Mma, ramin ƙarfe ne, mai gyara ya ce sai ya kai ƙugu."

Ta ce, "Na ji." Can kuma ta ce, "Da gaske za a ga dutsen?" Na ce za a gani, kuma ita ce a sahun gaba. Ta yi murmushi, ta ce ashe za ta riƙe wa Baba labari in sun haɗu.

Saura mako guda Sallah mai gyaran ya zo da ido da akwati. Na riga na sayi talabijin na hannu, mai injin niƙa ya yi alkawarin janareta. Yini biyu mutumin na juya farantin kaɗan-kaɗan, har wani Balarabe mai karanta labarai ya fito raɗau. Aka kira Mma ta gani, ta ce a bar ta, ita ba za ta ɓata idonta da kowa ba sai Arfa. Mai gyaran ya ɗaure kusoshi, ya bar mini gargaɗi biyu: kada a motsa farantin ko da faɗin yatsa, kada a bar awaki su ci waya. Ya kama hanyar Bawku don ya yi Sallah da iyalinsa. Gargaɗi na uku bai faɗa ba, don bai taɓa zaton akwai mahalukin da zai bukace shi ba.

A garinmu ba a shiga Sallah da kwano mai dauɗa. Kwana biyu kafin ta mata ke fito da duk wata tukunya da tasa da tire, a sa toka da yashi da lemun tsami a dirje su har mace ta ga fuskarta a ciki. Wadda tukunyarta ba ta ƙyalli an san irin tarbiyyar gidansu. Muna cikin wannan aiki da azahar, ana gobe Arfa, na ɗaga kai na dubi farantina. Tsohon fenti mai launin toka duk ya ɓaɓɓare, ga hayaƙin Bawku, ga kashin kaji. Na ce wannan ne zan tara gari a gabansa? Faranti dai faranti ne, kuma ba a tarbar baƙo da mai datti. Ballantana ina so in Alhaji ya doso, ƙyallin ya fara kashe masa ido tun daga nesa.

Mu shida muka hau benci da teburi, da soson ƙarfe, wasu a ɗaure a bakin sanda. Muka kiyaye gargaɗi, ba mu motsa shi ba. Daga azahar zuwa magariba muka dirje fentin nan tas, muka bi da lemun tsami, muka goge da tsumma. Maƙwabciyata ta ja da baya ta ce ko tiren amarya bai kai shi ba. Na raba goron gayyata gida-gida. Na Alhaji na zaɓa da kaina, fari, manya, na ce a gaya masa 'yar mai rijiya na roƙon ya zo ya sa mata albarka.

Sallar da aka wulaƙanta Baba a farkon damina ta faɗo. A shekara bakwai ta ja da baya har tsakiyar bazara, lokacin da rana ke fitowa da fushinta tun da safe. Kafin ta ɗaga tsakar gidanmu ta cika. Tsofaffin mata, masu faskare, 'yan dako, masu ɗiban ruwa, duk waɗanda kafet ɗin Alhaji bai taɓa ganin ƙafarsu ba. Talabijin na kan teburi a ƙarƙashin rumfa, na lulluɓe shi da zane. Mma na gaba a kan kujerarta, da azumi, ta ɗora wani ƙunshi a cinya. Da na duba sai na ga farar rigar Baba ce.

"Ki kunna mana," ta ce.

Na ce, "Sai baƙona ya zo."

Ina so ya iso ya ji sautin ya tashi a kunnensa daidai lokacin da zan tare shi. Mai injin niƙa ya ce can Makka sun riga mu da awa uku, an daɗe da fara tsayuwa. Na ce Arfa har faɗuwar rana ce, ba inda za ta. Mma ta sake magana sau biyu, na yi kamar ban ji ba. Mutane suka yi ta fifita da mayafi, ni ina zaure ina leƙen hanya.

Sai da hantsi ya dubi ludayi na hango shi, da sanda, yana kare ido da hannu saboda ƙyallin farantin. Na ɗaga wa mai injin niƙa hannu ya ja janareta, na cika ƙofar zaure da jikina. Alhaji ya cire takalmi, ya yi sallama. Ya ce, "'Yar mai rijiya, Allah ya yi miki albarka. Allah ya jiƙan babanki, mutumin kirki ne, bai taɓa saɓa mini ba." A fuskarsa na ga ko tuna abin bai yi ba. Shekara bakwai ina dafa magana, shi ya manta ya taɓa faɗinta, wannan ya ƙara mini wuta. Daidai nan Labbaika ta tashi a bayana, na ji tsakar gida ta ɗauki salati. Na dubi ƙafafunsa a hankali, sannan na ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

"Alhaji, ciki ya cika da waɗanda ba su je ba. Wanda ya je me zai kalla? Ka tsaya nan ka ji sauti, ya ishe ka."

Na ga maganar ta shige shi, na ga inda ta tarar da 'yar'uwarta. Haƙoran Makka suka ɓuya. Wani ɗan dako a ciki ya yi dariya, kamar na biya shi. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba a faɗi daɗinta ba. Wallahi na ji daɗi, har cikin ƙashina na ji shi. Ya ce, "To." Ya dogara sandarsa ya tsaya a rana.

Sai na ji ana taɓa bayana. Mma ce, da kujerarta a hannu ɗaya, rigar Baba a hammata. Ashe tun da ta ji sallamarsa, kafin a yaye zanen, ta san abin da zan yi, ta miƙe ta juya wa talabijin baya ta biyo bango har zaure.

"Matsa ya shiga," ta ce.

Na ce, "Mma, ki koma, an fara."

"Gidan ubanki ba a tsayar da tsoho a rana."

Na ce a gidan wa aka tsayar da ubana? Ta raɓa ta gefena ta fita, ta ajiye wa Alhaji kujerar, ita ta tsaya kusa da shi ta ce, "In ba zai shiga ba, ni ma nan zan ji." Na harɗe hannu. A raina na ce bari ya ɗan ɗanɗana, ko da rubu'in abin da Baba ya sha, sannan in lallashe ta ta koma. Yini guda ne a gabanmu. A ciki ina jin mata na cewa ga dutsen, ga mutane fari fat kamar an shanya auduga. Mma ta karkata kunne tana motsa baki. Na tsaya, ta tsaya, ya tsaya.

Warin roba na fara ji. Na ɗaga kai na ga hayaƙi siriri na tashi daga idon nan da ke gaban farantin, wurin ya yi wani haske da ba a iya duba. Kafin in yi motsi robar ta fara ɗiga, Labbaika ta yanke, sai shuuu. Aka yi ta buga talabijin, aka kashe janareta aka sake kunnawa, wani ya watsa wa idon ruwa. Babu abin da ya dawo. Mutane suka watse suna cewa ko banza sun gani, Allah ya saka. Alhaji ya sa takalminsa ya tafi. Na durƙusa gaban Mma. Ta ɗauki kujerarta ta ce, "Abin da ubanki ya samu shi na samu. Sauti mai daɗi."

Bayan Sallah mai gyaran ya zo. Tun daga nesa ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya jira hantsi, ya soka busasshen ganye a bakin kara ya miƙa inda idon yake, nan take ya kama da wuta. Ya ce, "Mma, wa ya wanke? Fenti ɗin nan don rana ne aka sa. Ni na faɗa maka, duk abin da ya sauko daga sama shi na tara." Ya ce a wannan watan rana kan bi ta daidai inda farantin ke kallo da hantsi, da na kunna tun da safe da an sha kallo awa biyu ko uku kafin ta iso. Wannan maganar da ya bar ta a cikinsa da ya kyauta mini.

Na ce ya nemo wani ido, ko nawa ne, baɗi ma rana ce. Ya zo da shi bayan wata biyar. Mma ta rasu a wata na huɗu, damina na tsaka. Idon yana nan a adaka cikin kwalinsa tare da rigar Baba, ban taɓa ɗaura shi ba. Na sa aka sauke farantin aka kai bayan madafa, ƙaryar da na yi wa mai zubin tukwane ta zama gaskiya. Yana busar da barkono da kuɓewa a yini ɗaya, maƙwabta har layi suke yi.

Alhajin goro ya zo ta'aziyyar Mma, aka ce yana zaure yana son ganina. Na ce a gaya masa na gode, ban fita ba. Shi ma ya daɗe da bin su Mma lahira. Malamai sun yi mini wa'azi a kan yafiya har sun gaji, kuma na san gaskiyarsu, amma in aka mayar da ni ƙofar nan ban tabbata zan haɗiye maganar ba. Ban yafe masa ba. Sai dai duk ranar Arfa, in na zauna lissafin waɗanda suka tsayar da iyayena a rana suka hana su ganin dutsen nan, mu biyu nake samu.